Darasi na 9: Tsirran Ƙasarmu da Masu Barbarar Fure

Duk wanda ya taɓa shuka kabewa a bayan ɗaki ya san wannan abin takaici. Yaɗo ya yi kyau, ganye shar, fure rututu, amma da gunda ta fara tasawa sai ta yi rawaya ta faɗi. Wani ya ce rashin taki ne, wata ta ce kambun baka ne. Sau da yawa ba ko ɗaya daga ciki. Kabewa tana da fure iri biyu a jikin yaɗo guda, namiji da mace. Macen ita ce mai ɗan kumburi a gindi, wato gundar da za ta zama kabewa. Namijin siririn wuya gare shi, a cikinsa kuma akwai wani gari rawaya mai ɗan danƙo. In garin nan bai isa cikin furen mace ba, babu kabewa. Iska ba ta iya kai shi, don ya yi mata nauyi. Furen kuwa da asuba yake buɗewa, kafin rana ta take ya yanƙwane, kuma ba ya sake buɗewa. Cikin waɗannan 'yan sa'o'i ne ƙudan zuma zai faɗa furen namiji neman ruwan zaƙi, ya fito buɗu-buɗu da gari, ya shiga na mace. Wannan aiki shi ake kira barbarar fure.

A wannan darasi za mu san halittun da ke yin wannan aiki, da dalilin da ya sa tsirran da suka samo asali daga ƙasarmu suka fi riƙe su, da kuma abin da kowa zai iya yi a gidansa ko lambunsa ko gonarsa ba tare da kashe kuɗi ba.

Wa ke buƙatar su?

Ba kowace shuka ba. Gero da dawa da masara idan sun yi bununi iska ce ke watsa garin, shinkafa kuma mafi yawa da kanta take barbarar kanta. Saboda haka tuwo zai samu ko babu ƙudan zuma. Inda za a ji jiki shi ne wajen mahaɗi: daddawa, man kaɗe, kabewa, agushi, kankana, riɗi, mangwaro, gwaiba, kashu, da irin albasa da na karas. A shekarar 2016 wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa mai suna IPBES ya fitar da rahoto cewa fiye da kashi 75 cikin ɗari na manyan nau'o'in amfanin gona na duniya suna ƙaruwa da barbarar ƙwari da tsuntsaye da jemagu, ko ta yawa ko ta inganci. A tsirran daji masu fure kuwa abin ya kusa kashi 90.

Kada a ɗauka zancen ƙasashen Turawa ne. A Burkina Faso, mai ƙasa da yanayi irin namu, masu bincike sun rufe furannin auduga da na riɗi don hana ƙudan zuma shiga, suka kwatanta da waɗanda aka bari a buɗe. Sakamakon da suka wallafa a 2017 ya nuna amfanin auduga ya ragu da kashi 37, na riɗi kuma da kashi 59. Manomin riɗi a Jigawa ko Maraɗi sai ya lissafa wa kansa buhu nawa ke nan.

Su wane ne masu aikin?

Ƙudan zuma mai amya shi kowa ya sani, har akwai sura ta 16 a Alƙur'ani mai ɗauke da sunansa. Amma danginsa a duniya sun haura iri 20,000, kuma mafi yawansu ba sa yin zuma, ba sa zaman taro. Uwa guda ce ke haƙa ɗan rami a ƙasa, ko ta sami kara mai rami ko busasshen itace, ta tara garin fure, ta saka ƙwai a kai, ta toshe. Akwai galla, 'yar mitsitsiyar nan da ke damun mutum a ido lokacin zafi. Ba ta harbi, tana yin zuma kaɗan a kogon itace ko tsagar bango, kuma tana cikin masu yawan ziyartar furen kaɗanya. Akwai ƙaton baƙin nan mai ruri da ke huda azara da busassun rassa, wanda yara ke jifa. Yana da wata baiwa da ƙudan zuma mai amya ba shi da ita. Furen tumatir da gauta da tafasa yana riƙe garinsa a cikin 'yan bututu, sai an girgiza yake zuba. Wannan ƙwaro yakan kama furen ya karkaɗa jikinsa da ƙarfi har garin ya zubo.

Furen mangwaro ƙudaje ne ke yi masa aiki mai yawa. Duma da maraice yake buɗe farin furensa, ya jira ƙwarin dare masu dogon baki. Tsuntsun sha-kauci na tsoma bakinsa a furen kauci da makamantansa. Malam-buɗe-littafi ma yana taɓa nasa.

Sai jemage, wanda ba shi da farin jini ko kaɗan. Furen kuka fari ne babba, yana reto ƙasa, yana buɗewa bayan faɗuwar rana da wani wari da mutum ba ya so amma jemage ke bi. Rimi ma da dare yake buɗe fure. Jan furen ɗorawa mai kama da ƙwallo da dare yake tsiyayar da ruwan zaƙi, jemagu su sha, da gari ya waye ƙudan zuma su ƙarasa. Garin da ya kori jemagunsa ya rage wa kansa kalwa. Wannan ba ya nufin a riƙa kama su da hannu ko cin 'ya'yan itacen da suka gatsa, domin suna iya ɗauke da cuta. A bar su a bisa, su yi aikinsu.

Ɓaure nasa al'amarin ya fi na kowa ban mamaki. Ba wanda ya taɓa ganin furensa, domin furannin suna ciki, jere a bangon ɗan ɓauren. Ƙananan ƙwarin da ake gani in an fasa shi su ne masu barbarar. Uwarsu tana kutsawa ta wata 'yar ƙofa a ƙasan ɓauren ɗauke da gari daga wata bishiya, ta saka ƙwai, ta mutu a ciki. 'Ya'yanta mata su fito da sabon gari su nemi wata bishiyar. Ɓaure da ceɗiya da durumi da gamji kowanne da irin ƙwaronsa. In bishiyar ta ƙare a yanki, ƙwaron ya ƙare. In ƙwaron ya ƙare, bishiyar ba ta ƙara yin iri mai tsira.

Me ya sa na gida?

Dalili na farko abinci ne. Wanda ya kira gayya shi ke da ciyarwa. Muna son waɗannan halittu su zo lokacin da kabewa ko riɗi ke fure, amma wannan 'yan makonni ne a shekara. Sauran watannin me za su ci? A ƙasarmu ruwa kan ɗauke wata bakwai ko takwas, ciyawa ta bushe, gona ta zama fili. Abin da ke riƙe da su a wannan tsakani shi ne itatuwan ƙasar, domin ba sa yin fure lokaci guda.

Ku bi shekara ku gani. Bagaruwa da kalgo suna fure da damina. Magarya takan fara wajen ƙarshen damina zuwa kaka, kuma duk wanda ya tsaya gindinta a lokacin zai ji gunjin ƙwari. Sai gawo, mai saɓa wa kowa: yana zubar da ganye da damina, ya fitar da sabo da fure bayan ruwa ya ɗauke, daidai lokacin da furen gona ya ƙare. Shi ya sa masu amya ke son sa, manomi kuma ya san geron gindin gawo ya fi na fili, don ba ya yi masa inuwa da damina, ga takin ganye da kashin dabbobin da ke hutawa a ƙarƙashinsa da rani. Ba banza ba sarakunan Damagaram a ƙarni na 19 suka sa hukunci mai tsanani a kan saran gawo. Da hunturu rimi da kaɗanya su karɓa, ɗorawa ta biyo baya wajen Fabrairu da Maris. Aduwa da sabara suna taimakawa cikin rani. Kuka kuma tana fure gab da saukar ruwa zuwa farkon damina. Watannin kan ɗan gusa daga gari zuwa gari, na Zariya ba lallai ya zo daidai da na Tawa ba, don haka dattawan garinku su ne za su gyara muku lissafin.

Wani bincike da aka wallafa a 2020, shi ma daga kudancin Burkina Faso, ya tabbatar da abin da wannan lissafi ke nunawa. Kaɗanyar da ke tsaye a gonar da aka bar itatuwa da ƙananan bishiyoyi iri-iri ta fi samun ziyarar ƙudan zuma, ta fi kuma ɗaure 'ya'ya, a kan wadda aka sassabe komai aka bar ta ita da 'yan'uwanta kaɗai. Manomin da ya sare sabara da geza don ya bar "itace mai amfani" ya cuci mai amfanin ne bai sani ba, kuma matan da ke tsintar ƙwara su ke biyan kuɗin.

Dalili na biyu shi ne ganye. Malam-buɗe-littafi kafin ya yi fiffike tsutsa ne, kuma tsutsar ba kowane ganye take ci ba. Wannan mai ruwan goro da baƙin gefe da ɗigo-ɗigon fari a jikin tumfafiya yake saka ƙwai. Tsutsarsa tana cin ganyen duk da ɗacin nononsa, dafin ya zauna a jikinta, tsuntsaye su guje ta. Tsiron da aka kawo daga wata nahiya yana iya ba da ruwan zaƙi, amma da wuya ya ciyar da tsutsar ƙwarinmu, kuma da tsutsa ne tsuntsaye da yawa ke ciyar da 'ya'yansu.

Dalili na uku aljihu ne. Magarya da aduwa da kurna ba sa neman ban ruwa bayan sun kama ƙasa, ba sa neman takin zamani.

Wannan ba kira ba ne a tuge baƙin itatuwa. Mangwaro da zogale daga Indiya suka fito, turare daga Ostireliya. Darbejiya, da wasu ke kira bedi ko dogon yaro, ita ma daga yankin Indiya take, an fara dasa ta a Borno a 1928, kuma inuwarta ta rufa wa garuruwa da yawa asiri. Ƙudan zuma na ziyartar dukkansu. Aibin shi ne a wayi gari unguwa guda babu komai sai darbejiya: ta yi fure lokaci guda, ta gama lokaci guda, sauran shekara yunwa. Wani baƙon kuma yakan fi ƙarfin mai gida. Prosopis, wani itace mai ƙaya daga nahiyar Amurka da aka kawo don tare hamada, ya mamaye fili mai faɗin gaske a gaɓar Tafkin Chadi ta ɓangaren Nijar, ya cinye gonaki da hanyoyin jiragen masunta. Su kuwa furannin ado masu ninki-ninkin ganye da ake saya a bakin titi, da yawansu kyan gani kawai ne, ba ruwan zaƙi ba gari. A ganina gidan da aka shafe tsakarsa da siminti kaf aka jera tukwanen fulawa bai kai gidan da ke da magarya guda da yakuwa a gindin katanga ba, ko ta fuskar kyau.

Fara da abin da ya tsiro da kansa

Hanya mafi sauƙi ba dashe ba ce. A farkon shekarun 1980 ayyukan dashen itatuwa a jihar Maraɗi sun yi ta faɗuwa, mafi yawan dashen na mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tohon da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwan da aka sare ne masu saiwa a raye. Shi da manoman yankin suka fara barin su. A kowane kututture a zaɓi rassa mafi ƙarfi da miƙewa, kamar uku zuwa biyar, a datse sauran, a riƙa gyarawa kowace shekara. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, girman ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba. Wannan shi ne sassabin zamani. Bayan farin 1984 ya yaɗu daga manomi zuwa manomi, har masana suka ƙiyasta cewa ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar, musamman a Maraɗi da Damagaram. Mai gona ya zagaya gonarsa kafin sharar bana, ya ga kututture nawa ne ke toho.

Inda babu kututture sai iri. Irin gawo da bagaruwa da kuka da ɗorawa ɓawonsa tauri gare shi, yakan daɗe bai tsira ba. A ɗan kankare gefe guda a jikin dutse har farin ciki ya kusa bayyana, ko a zuba masa ruwan zafi da aka sauke daga wuta a bar shi ya kwana a ciki. Ƙwarar kaɗanya akasin haka take, da ta bushe ta mutu, don haka a binne ta cikin 'yan kwanaki da faɗowarta, a wurin da za ta zauna, domin ba ta son ciro. Sai haƙuri, don takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Magarya kuwa cikin 'yan shekaru kaɗan take bayarwa. A yi dashe bayan ruwa ya zauna, a kewaye da ƙaya. Abin da ke kashe dashe a ƙasar Hausa akuya ce kafin fari.

Mai gidan birni da matan kulle ma suna da rabo. Kada a dasa kuka ko gamji ko durumi kusa da gini, saiwarsu na fasa bango. Amma a tsohon bokiti ko buhu ko gindin katanga ana iya shuka yakuwa, rama, karkashi, lalo, gasaya, ɗoɗɗoya da yaɗiya, dukkansu abin miya ne ko kwaɗo ko magani. Sharaɗin guda ne: kada a tsinke duka tun suna ganye. A bar 'yan tushe su yi fure su yi iri, ƙwari su ci, ku ma ku sami irin baɗi. Kuka ma ana shuka ta a fangali kamar alayyafo, a riƙa yankan ganyen tana ƙarama. Wannan yana rage wa manyan kukoki aski, domin kukar da ake zage wa ganye da rassa kowace shekara da wuya ta yi fure.

Ruwa da makwanci

Da bazara ƙudan zuma na cika bakin rijiya da randa, mutane su yi ta kora. Ƙishirwa ce. A sami kasko marar zurfi, a zuba tsakuwa, a sa ruwa yadda kan tsakuwar zai fito don su sami wurin sauka, a ajiye a inuwa nesa da inda yara ke wasa. A zubar a wanke duk bayan kwana biyu ko uku, in ba haka ba an buɗe wa sauro gidan haihuwa.

A gefen lambu a bar ɗan zirin ƙasa da garma ba ta taɓawa, da layin gamba ko shingen sabara, da busasshen gungume ko biyu. A ɗaure damin kara mai rami a rataye inda ruwa ba ya duka. Tarin itace da ciyawa yana jawo maciji da kunama, saboda haka wurinsa bakin gona ne, ba bayan ɗakin kwana ba. Amya kuma a nisanta ta da gidaje da hanya da turken dabbobi, don ƙudan zumanmu na Afirka faɗa gare shi.

Feshi da wuta

Duk abin da aka faɗa a sama, feshi guda na ganganci yana iya rushe shi. Maganin da ke kashe tsutsar tumatir bai san ƙudan zuma ba. Wasu magungunan ma suna shiga jikin shuka ne su fito ta ruwan fure, shi ya sa a 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da guda uku daga cikinsu a fili. Mu a nan ana sayar da magani a kasuwa a kwalbar da ba takarda, ana haɗa biyu ko uku wai don ya fi ƙarfi. Kafin ka ɗauki famfo ka duba ko ɓarnar ta kai a yi feshi. In ta kai, ka guji shukar da ke cikin fure, ka bi ma'aunin da aka rubuta, ka yi da yamma liƙis bayan ƙudan zuma sun koma kuma iska ta kwanta. Banda duma da duk mai buɗe fure da dare, wanda feshin yamma ke kashe baƙinsa. In maƙwabcinka na da amya ka sanar da shi tun ana gobe za ka yi feshin. Jiƙon 'ya'yan darbejiya ya fi sauƙin illa, amma shi ma ba a kan fure ba. Maganin ciyawa bai cika kashe ƙwari kai tsaye ba, sai dai yana share tafasa da karkashi da duk wani furen gefen gona, ya bar su da yunwa.

Wuta ita ce ta biyu. Ƙonar daji don farautar gafiya ko share gona tana cinye ƙwarin da ke kwance a kara da tohon kututture gaba ɗaya. Mai ɗiban zuma da ke cusa wa amya harshen wuta ya sha zuma sau ɗaya ne, ya kashe gidan. Hayaƙi kaɗan ya isa, a yanki saƙar da ta nuna, a bar mai 'ya'ya da wani abu na abincinsu.

Aikin gwaji

Ku kasu gida-gida, kowane rukuni ya nemi yaɗon kabewa mai fure. Da yamma ku zaɓi furen mace uku da za su buɗe gobe. Biyu ku rufe su da ƙyallen tsohon gidan sauro ku ɗaure, na ukun ku bar shi a buɗe. Da sassafe ku kwance ɗaya daga cikin rufaffun, ku tsinko furen namiji, ku cire ganyen furen, ku goga garin a tsakiyar macen, ku mayar da rufin. Ɗayan kada ku taɓa shi. Ku tsaya minti goma a gaban na buɗen, ku ƙirga ƙwarin da suka shiga, ku rubuta kamanninsu. Bayan mako guda ku duba gundar kowanne ku rubuta abin da kuka gani.

Tambayoyi

Me ya sa gero ba ya buƙatar ƙudan zuma amma kabewa na buƙata? Waɗanne itatuwa uku ne jemage ke yi wa barbara? A wane wata ne fure ya fi ƙaranci a garinku, kuma wane itace ko tsiro na gida zai iya cike wannan giɓi?

Kafin darasi na gaba, kowa ya zauna da wani dattijo ko dattijuwa a unguwarsu, ya tambayi sunayen itatuwan da ake da su a da waɗanda yanzu babu, da inda za a iya samun irinsu. Ku rubuto sunayen a littafinku, wanda ya samo irin kuma ya zo da shi aji.